Kukan Yaro a Ajin Jardan

A farkon watan Oktoba, lokacin da damman gero ke shiga rumbuna a karkarar Kance, makarantun Matamaye kan buɗe ƙofofinsu, kuma babu inda wannan buɗewa take da nauyi kamar ajin ƙanana da mutanen Nijar ke kira jardan, wanda dokar ilimi ta 1998 ta sanya a matakin farko na karatun boko. Yaron da ake kaiwa nan ɗan shekara huɗu ne ko biyar, bai taɓa yini nesa da zanin uwarsa ba, ga shi yau yayarsa ta riƙo hannunsa har bakin aji, ta saki, ta wuce tata makarantar. Wani ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Wani ya rakuɓe a kusurwa da ɗan yatsa a baki. Wani kuwa ya fizge allon maƙwabcinsa, da aka ƙi sakar masa ya gantsara cizo.

Manya da yawa kan ce wannan rashin kunya ne, maganinsa tsumagiya. Ni kuwa ina ganin hukuncin ya yi gaggawa, domin mu kanmu mun yarda cewa yaro a wannan shekaru bai yi hankali ba tukuna, shari'a ma ba ta ɗora masa taklifi ba, umarnin salla sai ya kai bakwai. Haƙurin jiran layi, da danne fushi, da barin abin da rai ke so saboda ɗan'uwa, duka abubuwa ne da ake koya sannu a hankali kamar baƙi da wasali, wanda ba a koya masa ba kuwa bai cancanci uƙuba ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanantawa ga ƙananan ɗalibai tana gadar musu kasala da ƙarya da makirci, saboda tsoron duka kan koya musu nuna abin da ba shi ne a zuciyarsu ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, don tausayin uwarsa.

Malama mai basira, idan aka yi cizo, takan fara rarrashin wanda aka ciza, sa'an nan ta durƙusa daidai tsayin mai cizon ta ce, "Ranka ya ɓaci, allon kake so. Ba a cizo a nan. Ka ce, ara mini." Gobe zai sake, ita ma ta sake, da murya iri ɗaya, har ranar da bakinsa zai riga haƙoransa. Amma wannan magana ba ta shiga sai da harshen da yaro ya sha a nono. Ba a rarrashi da Faransanci, kuma tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram ake da hujjar fara karatu da harshen gida.

Akwai kuma kukan da ba na hali ba ne. Yaron da ya fito ba ko koko a cikinsa, ko zazzaɓin damina bai gama sakinsa ba, ko aka yi wa uwarsa saki aka kai shi riƙo gidan gwaggo, ba zai zauna lafiya kan tabarma ba komai iyawar malama. Saboda haka ya wajaba ta san gidajen ɗalibanta, ta tambayi yayar da ke rako shi abin da ya ci da safe da kuma wurin da ya kwana, iyaye kuma su daina ce mata nama nata ƙashi nasu ranar da suka kawo yaro.