Ɗigon gazuwal: ƙaramar roba, babbar asara

A tashoshin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ba wuya mutum ya ga tsohuwar Peugeot 504 ko Land Cruiser ta tashi ta bar tabon gazuwal a inda ta kwana. Masu motoci da yawa ba su kula, tun da mota tana tafiya. Amma wannan ɗigo sau da dama daga pompin gazuwal yake fitowa, kuma shi ne mafarin asarar da kan kwantar da mota.

Aikin pompi shi ne ya tura wa kowane silinda man da yake bukata, da ƙarfi, daidai lokacin da ya kamata. Irin na Bosch VE da na Roto Diesel, waɗanda ke cikin tsofaffin motocin Peugeot, gazuwal ne ke cika su, shi ne kuma ke hana ƙarafunansu cin juna. Ƴan robobin da makanikai ke kira juwan su ke riƙe man a ciki. Zafi da daɗewa kan busar da su har su tsage. Canjin mai ma yana taɓa su: a 1993, da Amurka ta rage farar wuta a gazuwal, tsofaffin pompi da yawa sun kama yoyo, don robobin da tsohon mai ya kumbura sun ƙanƙance.

Yoyon murfin sama da na sandar totur ana ganin su da ido. Mai hatsari shi ne na robar gaba, inda pompi ke haɗe da inji. A 504, gazuwal cikin baƙin mai yake zuba ya tsinka shi. Alamar ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, yana warin gazuwal. A 405 kuwa, kan bel mai haƙora yake zuba ya lalata shi. In ya tsinke, fistin sai ya bugi bawul. Kuma inda mai ke fita, nan iska ke shiga in an kashe mota, shi ya sa take wuyar tashi da safe.

Gyaran yana son haƙuri. Gwanin makanike kan wanke pompi tas kafin ya taɓa shi, ya yi alama a mazauninsa da kuma hannun totur, don ƙaramin kuskure kan kawo hayaƙi, mota ta rasa ƙarfi. Ba ya buɗe shi a fili lokacin hunturu, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ƙarje ƙarfen ciki. Yakan canja robobin duka a lokaci guda, ya nemi na Viton da suka fi jure zafi, sannan a gwada pompin a na'urar gwaji kafin a mayar.

Ga ɗan kasuwa mai jiran ranar kasuwar Dakwaro, ko ma'aikacin da ya tara albashin shekaru ya sayi mota, lissafin a fili yake: kuɗin robobi kaɗan ne in an gwada da na sabon pompi, balle na inji. Da an ga ɗigo a nemi mai gyara, don rigakafi ya fi magani.