Dalilin da ya sa haƙar man Najeriya ke komawa tsakiyar teku

Bayan gano ɗanyen mai a Oloibiri a 1956, an shafe shekaru masu yawa rijiyoyin Najeriya suna kan tudu ko cikin fadamun Neja Delta. A yau kuwa manyan filayen mai da ake ji da su, wato Bonga da Agbami da Egina, suna can cikin teku, fiye da kilomita 100 daga gaɓa.

Abin ya samo asali ne tun lokacin da nahiyar Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, inda wani katafaren kwari ya samu a gefen Tekun Atilantika. Kogunan Neja da Binuwai suka yi ta kwaso yashi da laka suna jibgewa a cikinsa, har tulin ya kai kaurin kusan kilomita 12 a wasu wurare.

Masana ilimin duwatsu sun raba wannan tuli gida uku. Na can ƙasa shi ne Akata, laka ce mai ɗauke da ragowar ƙananan halittun ruwa, waɗanda zafi da nauyin ƙasa suka dafa har suka zama mai da iskar gas. A samansa akwai Agbada, inda yashi da laka ke hawa kan juna bi da bi. Man da ya taso daga ƙasa yakan shige ƙofofin dutsen yashi kamar yadda soso ke shan ruwa, lakar da ke sama kuma ta zame masa murfi. Na ukun, Benin, galibinsa yashi ne, ba a cika samun mai a ciki ba.

Yashin bai tsaya a bakin gaɓa ba. Lokaci zuwa lokaci yakan zabtare ya gangara zurfin teku, laka ta binne shi. Irin wannan yashi ne ke riƙe da man Bonga, ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000.

Amfanin haƙa a can a bayyane yake: daga jirgin da ke tara man ake loda wa tankokin dakon mai kai tsaye, don haka masu fasa bututu ba su da ta yi. Sai dai aikin na cin biliyoyin daloli, kuma yana da jinkiri. An gano Bonga a tsakiyar shekarun 1990, amma sai a 2005 ya fara bayar da mai. Saboda haka duk wanda ya ji an gano sabuwar rijiya, kada ya sa ran ganin kuɗinta a kason wata-wata na jihohi nan kusa.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne gas. Najeriya na da ajiyar da ta haura ƙafa tiriliyan 200, wadda ta fi ta kowace ƙasa a Afirka, amma fito da na cikin teku na buƙatar bututu zuwa gaɓa da kuma mai sayen da zai ƙulla yarjejeniyar shekaru masu yawa kafin a zuba jari.