Ruwan da ke ɓoye a cikin cittar Kachia

Duk mai girkin da ta taɓa cuɗa nama da ɗanyar citta ta san yakan yi laushi. Mai wannan aiki wani furotin ne da ake kira zingibain, kuma yana cikin cittar da ake haƙowa a gonakin Kachia, Jaba da Kagarko.

A shekarar 1999 masu bincike a Jami'ar Boston da ke Amurka suka bayyana siffarsa. Sun tace shi har ya dunƙule ya zama ƙwayoyi masu sheƙi kamar na gishiri, sannan suka haska masa hasken eksire, suka gano mazaunin kowane ɓangare nasa daga yadda hasken ya warwatsu.

Irin waɗannan ƙwayoyi, duk da kamanninsu na busasshen abu, kusan rabinsu ruwa ne. Galibin ruwan yawo yake yi, don haka ba ya fitowa a hoto. Amma akwai ƙwayoyin ruwa da ke zaune daram a lungunan furotin, suna riƙe da sassansa kamar yadda laka ke riƙe tubali. Shi kansa yankan naman ba ya kammala sai ƙwayar ruwa ta shiga ta raba haɗin.

Sanin mazaunin wannan ruwa dukiya ne. A 1994 masanan kamfanin DuPont Merck suka lura da ƙwayar ruwa guda da ke maƙale a wani furotin na ƙwayar cutar ƙanjamau, suka tsara sinadarin da ya maye gurbinta, ya kama furotin ɗin gam.

Mu kuwa har yau tsaga citta muke yi, mu shanya, mu zuba a buhu, ribar sarrafawa ta tafi ƙetare. Annobar da ta ruɓar da gonakin kudancin Kaduna a 2023 ta nuna haɗarin dogaro da buhu kaɗai. Babbar na'urar sinkurotoron, wadda ake wannan bincike da haskenta, babu ko ɗaya a nahiyar Afirka, sai dai masananmu su kai samfurinsu waje.

Masu tsara kasafi a Abuja su sani cewa tallafin iri da taki bai wadatar ba. Ɗakunan gwaji na jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Kachia, su ma suna buƙatar kasonsu.