Daga Illo Zuwa Shenzhen: Ɗan Fayil Ɗin Da Ke Yi Wa Inji Jagora

A watan Disamban bara na je Illo ta'aziyyar wani surukinmu. Wanda ya san hanyar ya san ba tafiyar da ake yi don nishaɗi ba ce: sai ka baro Birnin Kebbi da sassafe, ka tsallake Kogin Kwara ta wajen Bagudo, sannan ka yi ta nausawa yamma har ka fara jin Dandanci da Faransanci suna cuɗanya da Hausa a bakin 'yan kasuwa. Daga Illo zuwa Lolo, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, ba wata tazara ba ce. Bayan an shafa fatiha na leƙa shagon ɗan ƙanwata, wanda ya gama difloma a fannin lantarki ya dawo gida yana gyaran waya da kayan sola. Na tarar da shi ya tasa wani kwali a gaba, ya yi tagumi. A cikin kwalin akwai koren alluna guda 30, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, irin waɗanda masu gyara ke kira fanel. Kyawawa ne ƙwarai, sai sheƙi suke yi. Ya ce mini, "Kawu, daga Caina suka zo, kuma ko ɗaya ba ya aiki."

Asalin maganar daga fadama ta faro. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, manoman shinkafar rani da dama suka fara ajiye injinan ban-ruwa masu shan fetur suna komawa ga famfon sola. Sai dai famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse yana da lago guda: ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya shi. Idan ruwa ya janye da tsakar rana, shi kuwa yana ta juyawa a bushe, ƙonewa zai yi. Masu tsada suna zuwa da abin kariya, masu arha kuwa sau da yawa babu. Yaron nan ya gaji da karɓar ƙonannun famfuna, sai ya zauna ya ƙirƙiro ɗan allon da zai gane ruwa ya ƙare, ya yanke wuta, ya jira, sannan ya sake kunnawa. Ya haɗa na gwaji da hannunsa, ya yi aiki a gonar maƙwabcinsa tsawon wata guda. Manoma suka fara ba da kafin alƙalami. To, a nan ne ya ga hannu ba zai iya ba.

Dalili kuwa shi ne kayan lantarkin zamani sun ƙanƙance. Rizistan da ake kira 0603 tsawonsa milimita 1.6 ne, faɗinsa 0.8, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba su da ƙafafun da ake zurawa a huji. Ɗora su ake yi a fuskar allo. A masana'anta, ana shafa wa allon dalma mai kama da man goge baki ta cikin wani faranti mai hujoji, sannan wani inji ya riƙa tsotso kayan ɗaya bayan ɗaya daga cikin nannaɗaɗɗen tef yana dasawa a gurbinsu, dubbai a cikin awa guda. Daga nan allon ya ratsa tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 240, dalmar ta narke ta kama. A birnin Shenzhen da kewayensa akwai kamfanonin da za su yi wa mutum wannan aiki ko da alluna biyar yake so, muddin ya aika musu bayanai ta intanet.

Bayanan nan kashi uku ne. Akwai zanen allon kansa, wanda ake kira fayilolin Gerber, masu nuna inda layukan tagulla za su bi. Akwai jerin kayan da za a saya. Sai na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: fayil ɗin da ke gaya wa injin inda zai ajiye kowane abu. Ɗan ƙanwar tawa ya buɗe mini shi a kwamfutarsa, na yi mamakin rashin kwarjininsa. Jadawali ne kawai, layi 41, kowane layi na kaya guda. Ga sunansa, kamar R7 ko D2. Ga nisan tsakiyarsa daga gefen hagu, ga nisansa daga ƙasa. Ga kusurwar da za a juya shi: sifiri, 90, 180 ko 270. Ga fuskar da zai hau, sama ko ƙasa. Manhajar da ya yi zanen da ita, KiCad, wadda wani malamin jami'a a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara a 1992 kuma har yau kyauta ce, tana fitar da wannan jadawali da dannawa biyu ko uku. Sauƙin nan shi ne tarkon. Mutum sai ya ɗauka tunda kwamfuta ce ta rubuta, babu abin dubawa.

Alhali kowane lamba a ciki yana tafe da tambaya. An ce nisa 12.5, to da wane ma'auni, milimita ko inci? Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka kuskure a nan zai jefa kaya can wajen allo. An ce daga gefen hagu, to daga ina aka fara awo, daga kusurwar allon ko daga kusurwar takardar zane? Idan mafarin awon wannan fayil ya saɓa da na zanen, komai zai goce da tazara iri ɗaya. Kayan da ke fuskar ƙasa kuwa, lissafinsu kamar kallon madubi ne, hagu ta koma dama.

Tuntuɓensa na farko ya ba ni dariya, domin tuntuɓe ne na ɗan bakin iyaka. Kwamfutarsa ta hannu ce da ya sayo a kasuwar Malanville, ɗaya daga cikin waɗanda ake saukewa a Kwatano, kuma tsarinta na Faransanci ne. Kamfanin ya buƙaci a sauya sunayen kan jadawalin su dace da nasa, sai ya buɗe fayil ɗin a manhajar lissafi ya gyara ya adana. Bai san cewa Bafaranshe yana rubuta 12,5 a inda mu muke rubuta 12.5 ba, kuma saboda waƙafi ya riga ya samu aiki a cikin lamba, manhajar sai ta raba gidajen jadawalin da waƙafi mai ruwa. Shafin kamfanin ya ƙi karɓar fayil ɗin. Kwana biyu ya yi yana zargin netwok kafin ya gano. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a ƙasar Borgu a 1898 ta biyo shi har cikin kwamfuta. Amma wannan kuskuren mai albarka ne, tunda ya bayyana kafin a kashe ko sisi.

Na biyu shi ne ya ci kuɗi. Rizista ba ruwansa da gaba ko baya, duk yadda aka ɗora shi zai yi aiki. Dayod ba haka yake ba: wuta ta hanya ɗaya take bi ta cikinsa. Haka ma aisi, mai ƙafa ta ɗaya da dole ta sauka a gurbinta. Da aka ce a juya D2 da digiri sifiri, sifiri daga ina? A wurin manhajar zane, sifiri shi ne yadda wanda ya zana hoton kayan ya kwantar da shi. A wurin injin kuwa, sifiri yana da nasaba da yadda kayan yake kwance a cikin tef ɗinsa. Akwai ƙa'idojin da masana'antar ta rubuta don daidaita wannan, amma ba kullum biyun suke haɗuwa ba. Shi ya sa kamfanonin ke nuna wa mai oda hoton allonsa da kayan a kai kafin ya biya, ya duba ya gyara. Ranar da ɗan ƙanwata ya kai nan, hoton ya ƙi buɗewa sosai, data tana ƙarewa, sai ya danna amincewa ya wuce. Ƙari a kan haka, don ya rage cunkoso a allon, ya goge ɗan farin layin da ke nuna kan dayod, wanda da shi ne ma'aikacin can zai iya lura ya tambaya. Injin ya yi aikinsa ba tare da kuskure ba: ya dasa dayod ɗin a juye sau 30, kowanne daidai tsakiyar gurbinsa.

Ya biya da dala, a lokacin da dala ta haura naira 1,500, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, ga motar da ta kawo kwalin daga Legas. Ya shafe makonni uku yana jira. Abin da ya fi damunsa ba kuɗin ba ne. Manoman da suka ba da kuɗinsu sun riga sun yi dashe. Na zauna na ga yana ɗaga dayod ɗin da injin iska mai zafi yana juyawa da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya. An yi sa'a sauran kayan ba su ƙone ba, sai alluna huɗu da tagullarsu ta ɗaye.

Na koyar da lantarki shekaru da dama kafin na yi ritaya, kuma dole in amsa laifinmu. Mun koya wa ɗalibai lissafin wuta, mun koya musu riƙe ƙarfen dalma, wasu ma mun kai su ga zana allo. A nan muke tsayawa, a ɗaure aikin da baƙin tef a kai gaban malamai a ba da maki. Ban taɓa tambayar ɗalibi ba: idan za a yi guda 500 na wannan, me za ka miƙa wa masana'anta? Tazarar da ke tsakanin abu ɗaya mai aiki da abu 500 masu aiki ba ta ƙwarewar yatsu ba ce, ta rubuta umarnin da ba ya buƙatar a tambaye ka me kake nufi ce. Mu kuwa al'adar sana'armu ta baka ce. Maigida ya ce wa yaro "ɗan matsar da shi", yaro ya gane. Inji bai san "ɗan" ba.

Gyaran nan kuwa ba ya buƙatar biliyoyi. Manhajar kyauta ce. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da takwarorinsu na Sakkwato da Kano da Zariya, za su iya sharɗanta cewa duk aikin kammala karatu a wannan fanni ya zo da fayilolin nan uku, a ba wani ɗalibin daban ya karanta su ya faɗi abin da inji zai yi da su. Akwai ƙananan injinan dasa kaya da ke zama a kan tebur, har da manhajar sarrafa su ta kyauta mai suna OpenPnP. Guda ɗaya a makaranta ya isa yaro ya ga kuskurensa da idonsa a Kebbi kafin ya biya dala ya gan shi.

Na san za a ce duk wannan ƙara dogaro ne ga Caina. Akwai gaskiya a ciki, kuma ni ma ba na jin daɗin ganin allon da za a yi amfani da shi a fadamar Illo sai ya yi tafiyar dubban kilomita. Amma masana'antar haɗa alluna ba ta rayuwa sai da masu kawo mata zane. Ruwanda ta buɗe masana'antar wayoyin Mara a Kigali a 2019 da gagarumin biki, kuma kafa irin wannan inji abu ne da kuɗi ke yi cikin watanni. Tara mutane ɗari da suka iya ciyar da shi da aikin kansu shi ne ke ɗaukar shekaru. Idan wata rana wani attajiri ya kafa layin haɗawa a Kano, fayil ɗin da zai nema shi ne wannan da ake aikawa Shenzhen, ba wani ba.

Kafin in baro Illo na tarar ya buga zanen allon a takarda daidai girmansa, ya shimfiɗa a kan benci, ya ɗauko jadawalin yana bi layi-layi, yana ɗora kowane kaya a kan takardar kamar shi ne injin. Ya mayar da farin layin dayod, ya sauya tsarin kwamfutar daga Faransanci. A layi na 33 ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ashe wannan kafasitan ma saura ƙiris." A watan Fabrairu ya kira ni ya ce kashi na biyu ya iso, guda 50, kuma wani manomi daga Madekali ya tsallako iyaka ya sayi uku.