Shin Ko Kun San? Ƙananan Jiragen Sama, Daga Kano Zuwa Bakin Tiga

Wanda ya taɓa tsayawa bakin Dam ɗin Tiga da sassafe, ya ga tsuntsu ya miƙe fikafikai yana shafar fuskar ruwa ba tare da ya kaɗa su ba, to ya ga sirrin wani nau'in jirgi da idonsa.

Shin ko kun san idan jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, har tazararsa da ruwa ko ƙasa ta gaza faɗin fikafikansa, iska kan matsu a ƙarƙashinsa ta zame masa matashi? Tana tallafe shi, ja-bayan iska ya ragu, mai ya yi auki.

Shin ko kun san a kan wannan hikima injiniya Rostislav Alexeyev na Tarayyar Sobiyet ya ƙera jirgin da ya fara tashi a 1966? Tsawonsa mita 92, injinansa 10, ga gudun kilomita 500 a awa ɗaya, amma 'yan mitoci kawai yake ɗagawa daga ruwa. Turawan Yamma suka laƙaba masa suna Dodon Tekun Kaspiyan.

Shin ko kun san irin wannan jirgi shimfiɗaɗɗen ruwa yake so? Duwatsu da itatuwan Dajin Falgore ba za su karɓe shi ba. Amma Kogin Kano da ya ratso dajin ya taru a Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya zama tafki mai faɗin gaske.

Shin ko kun san tun 1955 kamfanin Hiller na Amurka ya gwada wani faifai mai tashi sama da farfela a ƙasansa? Matuƙi a tsaye yake a kai, inda ya karkata jiki nan faifan ke nufa.

Shin ko kun san ranar 4 ga Agusta 2019 Bafaranshe Franky Zapata ya tsallaka ruwan da ya raba Faransa da Ingila a tsaye kan allo mai tashi da inji? Kilomita 35 ya ci cikin minti 22, sau ɗaya ya tsaya shan mai.

Shin ko kun san a Amurka jirgin mutum ɗaya na shaƙatawa, wanda nauyinsa bai kai kilo 115 ba, ba ya buƙatar lasisin tuƙi muddin ya cika sauran sharuɗɗa?

Shin ko kun san Kano na cikin garuruwan da suka fara karɓar jirgin sama a Najeriya? Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka, bayan doguwar tafiya daga Masar.

Shin ko kun san a 2007 ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas? Injin Honda Civic ya saka masa, kujerun kuma na tsohuwar Toyota. Jirgin ya ɗaga har ƙafa 7, tazarar da matashin iskar nan ke taimaka wa mai saukar ungulu shi ma.

Shin ko kun san jirgin Air Beetle da aka riƙa haɗawa a Kaduna domin horar da sojan sama, asalinsa samfurin RV-6A ne, wanda masu sha'awar tuƙi ke haɗawa a garejin gidajensu? Ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964.

Ke nan basira muna da ita, makaranta na kusa, ruwa kuma ga shi a Tiga. Abin da ya rage shi ne yaron da ke ƙera jirgin kara a Kiru ko Doguwa ya sami malami, kayan aiki da filin gwaji bisa izinin hukuma. Sama ba ta yafe ganganci, shi ya sa ilimi zai riga inji tashi.