Maye Gurbi a Sinadaran Alkan: Bayani da Zaɓen Kalma

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke fuskantar masu fassara kimiyya zuwa Hausa ita ce zaɓen kalmar da ta dace da abin da ke aukuwa a zahiri. Wannan maƙala ta ɗauki misali guda daga kimiyyar sinadarai, wato haɗuwar alkan da iskar kulorin, domin a tantance ko “musanya” ko “maye gurbi” ya fi cancanta.

2.0 Ma’anar Alkan

Alkan dangin sinadarai ne da suka ƙunshi kabon da haidirojin kaɗai, kuma ɗauri guda ɗaya ne tsakanin kowaɗanne ƙwayoyin zarra biyu. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne metan (CH₄), wanda shi ne mafi yawa a iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa. Kowace ƙwayar kabon ta cike gurabenta huɗu, don haka baƙo ba ya samun shiga sai wani ya fita. Saboda rashin saurin cuɗanyarsu ne aka laƙaba musu sunan farafin, daga kalmomin Latin masu nufin “ƙarancin ƙawance”.

3.0 Yadda Abin Ke Gudana

Idan aka gauraya metan da kulorin a cikin duhu, ba tare da zafi ba, kusan babu abin da zai faru. Da zarar hasken rana ya sauka a kansu, sai aiki ya fara, a matakai uku.

Na farko, haske yakan raba tagwayen kulorin (Cl₂) gida biyu, kowace ƙwaya da ilaktaron guda maras abokin zama. Na biyu, ƙwaya ɗaya takan fizge haidirojin daga metan, ta zama HCl, ta bar ragowar (CH₃) da gurbi a buɗe. Ita kuma ragowar sai ta ciro kulorin daga wasu tagwayen, ta zama CH₃Cl, ta saki wata ƙwayar da za ta sake tayar da aikin. Haka abin zai yi ta zagayawa kamar sarƙa. Na uku, sarƙar takan tsinke idan ƙwayoyi biyu marasa abokan zama suka haɗu. Ɗan burbushin etan (C₂H₆) da ake samu a ƙarshe shaida ne a kan wannan mataki.

In kulorin ya yawaita, yakan ci gaba da cike gurabe har huɗun: CH₂Cl₂, sai kulorofom (CHCl₃), wanda James Simpson ya yi amfani da shi wajen sa barcin tiyata a Edinbara a 1847, sannan CCl₄.

4.0 Kammalawa

A Hausa, musanya ba ta yiwuwa sai da ɓangarori biyu da suka ba juna a lokaci guda, kamar a cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Bayanin da ya gabata kuwa ya nuna cewa ƙwayar da ta fitar da haidirojin daban take da wadda ta zauna a wurinsa. Sai gurbi ya buɗe tukuna, sannan wani ya hau, tamkar gadon sarauta. Bisa wannan dalili, “maye gurbi” ya fi dacewa. Haka kuma zai sauƙaƙa wa ɗalibi bambanta shi da “ƙari”, wanda ke aukuwa a dangin alkin masu ɗauri biyu, inda baƙo ke shiga ba tare da kowa ya fita ba.