Darasi na Sha Bakwai: Shubuhar Musiba da Kaɗaitakar Ubangiji

  

Saƙo ya zo mana daga wani saurayi na ƙasar Dantchiao. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce da kakar bara ya kai ƴarsa asibiti tana fama da zazzaɓi, ya komo da ita a naɗe cikin zane. Daga baya, yana cirani a Kano, sai ya ci karo a salula da maganar wasu masu cewa da akwai Allah guda, Mai iko, Mai rahama, da yara ba su mutu haka ba. Ya ce yana salla, yana azumi, amma maganar ta ƙi barin ransa, har yana tsoron ko ya fita daga Musulunci.

Ɗanmu, Allah ya ba ka haƙuri, ya sa ta zama mai ceto. Game da tsoronka kuwa, Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa, shi kuwa ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce alamar imaninsu. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, mu dubi maganar da kyau.

Za mu fara da kawo hujjar masu shakka da cikakken ƙarfinta, domin wanda ya rage wa abokin gardamarsa magana kafin ya amsa, kansa ya yaudara. Suna cewa: kun siffanta Ubangiji da sani da iko da rahama. To in ya san ciwon jaririya, yana da ikon yaye shi, yana kuma jin ƙanta, me ya hana? Ko dai bai iya ba, ko bai so ba, ko kuwa babu shi. Maganar ta girme wa intanet nesa ba kusa ba. Ana jingina ta ga wani mafalsafin Girka mai suna Abiƙur, wanda ya mutu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan David Hume ɗan ƙasar Sikotlan ya sake tayar da ita a littafinsa da aka buga a 1779, bayan mutuwarsa.

Abin lura shi ne, wannan kibiya mai tauhidi aka auna da ita. Majusawan Farisa sun raba al'amari gida biyu, alheri ga wani, sharri ga wani, sai suka huta da tambayar. Kakanninmu Anna, waɗanda a Kano ake kira Maguzawa, sun san sunan Allah, amma sun ɗauke shi mai nisa. Idan yaro ya faɗi ciwo sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yanka mata akuya ko kaza. Kowace musiba tana da mai ita. Mu kuwa da muka ce babu mai yi sai Shi, ba mu bar wa kanmu wani na biyu da za mu ɗora wa laifi ba. Mai shakka yana cewa nan ne raunin tauhidi yake. Mu kuma muna cewa komawa ga biyu ko goma ba ta warware kome. Dalilin da aya ta 22 ta Suratul Anbiya ta yi nuni gare shi, wanda malaman tauhidi suka faɗaɗa, shi ne masu iko biyu in nufinsu ya saɓa, dole ɗaya ya rinjaya, wanda aka rinjaya kuwa ba Ubangiji ba ne. Gero da ke tsirowa bisa ƙa'ida guda a gonar Dungas da gonar Daura, da wata da ke tsayuwa bisa lissafinsa, suna shaidar mulki ɗaya. Tun da haka ne, nauyin tambayar yana kanmu, sai mu ɗauka.

Amsa ta farko da malamai ke bayarwa ita ce hujjar ta ɗauki rabin aƙidarmu ta yar da rabi. Wanda zai tuhumi Allah na Musulunci, to ya tuhume shi da duk abin da Musulunci ya faɗa game da shi, har da tashin ƙiyama da sakamako. Idan kabari ne ƙarshen labari, lalle mutuwar ƴar shekara biyu asara ce tsantsa. A aƙidarmu kuwa duniya gidan jarrabawa ce mai ƙarewa, yaron da ya mutu kafin balaga ba shi da zunubi, iyayen da suka yi haƙuri kuma an yi musu alkawari. Mai shakka yana iya ƙin yarda da lahira, amma ba zai cire ta daga maganarmu sannan ya ce maganarmu tana warware kanta ba.

Amsa ta biyu ta fi wuyar haɗiya, a kanta muke so mu daɗe. An ruwaito cewa Imamu Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu shekara ta 324 bayan hijira, ya yi karatu wurin Abu Ali al-Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan Basra. Su Mu'utazilawa suna ganin wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa kyau. Sai Ash'ari ya tambayi malaminsa game da ƴan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu mumini, ɗaya ya girma ya mutu kafiri, na uku ya mutu yana yaro. Idan yaron ya nemi sanin abin da ya sa ba a bar shi ya girma ya sami darajar yayansa mumini ba, me za a ce masa? Malamin ya ce za a gaya masa an san da ya girma da ya saɓa. Ash'ari ya ce to idan kafirin ya ɗaga murya daga cikin wuta ya ce me ya sa ni ba a ɗauke ni ina yaro ba fa? Sai malamin ya yi shiru. Abin da wannan ƙissa ke koyarwa shi ne hankalin ɗan Adam ba ya iya zayyana dalilin kowace musiba ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya gwada kuwa zai faɗa ramin da ya haƙa. A nan muna jan kunnen kanmu, mu masu wa'azi. Wanda ya je ta'aziyya ya ce wa uwa zunubinku ne ya ci yaron, ya faɗi abin da ba shi da saninsa. Manzon Allah ya rasa shida daga cikin ƴaƴansa bakwai tun yana raye, ya zubar da hawaye ranar mutuwar ɗansa Ibrahim yana jariri. Wane zunubi za a jingina masa?

Mai shakka zai ce, "Kun ga, da aka matsa muku sai kuka ɓuya a bayan hikimar da ba a gani." Muna ce masa: hujjarka ba za ta tsaya ba sai ka tabbatar babu hikimar, alhali iyakar abin da kake da shi shi ne ba ka gan ta ba. Tsakanin "ban gani ba" da "babu" akwai tafiya mai nisa. Annabi Musa, da girmansa, bai iya haƙuri da huda jirgi ba sai da aka bayyana masa sarkin da ke ƙwace jirage, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Duk da haka ba za mu ɓoye muku ba, wannan amsa tana toshe hujjar, amma ba ta ɗebe zafin zuciya. Mala'iku ma sun yi tambaya game da halittar mai zubar da jini, a aya ta 30 ta Suratul Baƙara, aka mayar da su ga sanin Allah, ba a karanta musu dalilai ba.

Akwai kuma abin da masu shakka da masu imani suke yawan mantawa tare, wato hannun mutum. Tsofaffinmu suna ba da labarin yunwar Ƙaƙalaba ta 1914. Ta 1984 kuwa mutanen ƙasar nan El-Buhari suka sa mata suna, domin fari ya haɗu da rufe iyaka. Kafin yunwar 2005 an yi ƙarancin ruwa da barnar fara, gaskiya ne, amma akwai hatsi a kasuwanni, tiya ce ta fi ƙarfin talaka. Wa ya ɓoye buhu yana jiran tsada? Sauro halittar Allah ne, amma gidan sauro da aka raba aka mayar shingen lambu, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake kawo wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wasu iyaye suka ƙi, da jinkirin kai yaro likita sai jini ya ƙare, waɗannan ayyukanmu ne. Ba da kai muke ba, ɗanmu, kai ka ɗauke ta ka kai. Muna magana ne da masu cewa ƙaddara ce su naɗe hannu. Sayyidina Umar, a shekara ta 18 bayan hijira, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, da aka ce yana gudun ƙaddara kuwa ya nuna cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Wanda ya jingina wa Allah sakacinsa, shi ke ba mai shakka makami.

Saura yadda za mu yi da mai tambaya. Da yawanku kun ji labarin Mubarak Bala na Kano, wanda ya bayyana fitarsa daga addini, aka kama shi a 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, kotu ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Shari'a ta alƙalai ce, ba ita muke tattaunawa ba. Abin da muke cewa shi ne ɗauri bai share tambayoyin daga salular yaranmu ba. Izgili daban, tambaya daban, kuma galibin masu tambaya a garuruwanmu masu baƙin ciki ne irin wannan saurayi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi fama da wasu ɗaliban ilimin tauhidi na zamaninsa waɗanda ke kafirta talakawa don ba su iya jero dalilai irin na littafin Ummul Barahin na Imamu Sanusi ba, ya yi musu raddi a rubuce. Idan Shehu ya hana a kafirta wanda bai iya hujja ba, yaya za a yi da wanda ya zo neman hujjar da ƙafarsa? Idan ɗanka ya kawo maka irin wannan magana bayan buɗa-baki, kada ka ɗaga sanda, kada ka tara masa mutane. In ba ka da amsa ka ce ba ka da ita, ka kama hannunsa ku tafi wurin malamin da ya karanta tauhidi, mai sanyin hali.

Saurayin ya haɗa da tambaya ta biyu, wadda ita ma hadisi ya riga ya ba da labarin za a yi ta: idan Allah ne ya halicci kome, shi wa ya halicce shi? Lokacinmu ya ƙare. Ita za mu ɗauko gobe in Allah ya kai mu, tare da bayanin siffar farko da rashin mafari kamar yadda Sanusi ya tsara. Allah ya jiƙan yaranmu da suka rigaye mu, ya karɓi azuminmu.